Robar Tsohuwar Taya

Bushin na ƙarshe, robar ƙafar mota, ya tsage a ƙarƙashin gudumar mai motar, ga shi gobe za a sallami matarsa daga asibiti da ɗinki a gadon baya. Likita ya ce kada a girgiza ta. Motarsa kuwa, 'yar ja mai kujera biyu da Baturen kuza ya bar masa, robobin ƙafarta sun cinye, ko tsakuwa ta taka sai ta yi tsalle. Ya zaga shagunan Jos kaf, babu irinsu.

Wani tsoho mai yanka takalman taya a unguwar Kongo-Rasha ya jujjuya tsagaggiyar robar.

"Da me ka sa ta, Oga?"

"Da guduma, Baba."

"Haba, roba ai lallashi take so. Ruwan sabulu ake shafa mata."

Tsohon ya sassaƙo guda huɗu daga tayar babbar mota. Da sabulu suka shige salin-alin.

Washegari mai motar ya ɗauko matarsa daga asibiti. Kafin su kai Tudun Wada kanta ya kwanta a kafaɗarsa, ita da ciwo ya hana runtsawa mako uku. Ya wuce ƙofar gidansu, ya zago, ya sake wucewa, har mai ya kusa ƙarewa.

Da ya tsaya, wani baƙo mai kwat na jiransa da takarda a hannu.

"Motar nan ta kamfanin kuza ce. An aiko ni in tafi da ita."

Mijin ya ɗora yatsa a leɓe.

"Sassauta murya, Malam. Barci take yi."