Turakun Siminti a Filin Ƙwallo

Malam, gyara zama ka ji wani misali. A wata unguwa an yi wani mai gyaran keke, bakinsa ya fi famfonsa iska. Rumfarsa na bakin filin da yara ke buga ƙwallo, fili ɗaya tilo da gine-gine ba su cinye ba tukuna. Kullum cikin bugun ƙirji yake: "Muddin ina numfashi ba mai kafa ko tsinke a filin nan. Ni ne uban 'yan ƙwallo!" Shi ke hura musu ƙwallo kyauta, in ta fashe ya yi mata faci. Iyaye suka saki jiki da shi, har mai unguwa ya danƙa masa takardar filin ya adana.

Wata safiya yara na makaranta, mai keken ya kawo wani baƙo mai mota da masu awo, suka kafa turakun siminti huɗu cikin ciyawa, kowace kusurwa ɗaya. Da la'asar yaran suka yi tuntuɓe da su. To, waɗanda suka saba yin raga da silifa da gwangwani, ina za su bar wannan garaɓasa? Suka tumɓuke su, biyu nan biyu can, raga ta yi kyau. Mai keke ya gani ya kau da kai, don in ya hana sai an tambaye shi dalili. Ran Juma'a aka haɗa wasa da yaran wata unguwa, manya suka cika bakin fili, shi kuma yana tsakiya da usur a baki yana alƙalanci. Ana cikin haka tifa ta shigo da baya, ta juye yashi a tsakiyar fili. Baƙon nan ya fito daga mota, ya ga turakunsa sun zama raga, ya daka tsawa: "Kai mai keke! Ba ka ce mini za ka kori yaran nan ba tun ranar da ka sayar mini da filin?"

Yaran suka tsaya cirko-cirko, sun gane daga yau sai bakin titi, tsakanin kwata da 'yan acaɓa. Mai unguwa ya tako a hankali ya ce, "Ina takardar da na ba ka?" Mai keke ya buɗe baki, usur ya faɗi cikin yashi.

Ka ji dalilin da Hausawa ke cewa, da ɗan gari akan ci gari.