Ƙyallen Doña Casilda

Ni ba gulma nake yi ba, katangarmu ce gajera. Ina shanya na hango Eusebio ya shiga gidan Nelida mai ɗinki sanye da baƙar rigarsa. Shekara goma da ɗoriya yana gidan horon zama Fadan coci, ita kuma tana korar manema. Yanzu naɗi kawai ya rage, Fada kuwa ba ya aure.

Na ɗaga murya: "Fada, addu'a aka zo yi ko zance?" Ko kallona bai yi ba.

Nelida na yi wa farin ƙyalle ado. Da shi za a goge masa man naɗi daga hannuwa, a ba tsohuwarsa Doña Casilda, in ta rasu a binne ta da shi.

Eusebio ya ce, "Nelida, ki ce in bari. Yau zan tuɓe rigar nan."

Allurar ta tsaya. Nelida ta dube shi har ya sunkuyar da kai.

"Sai yanzu? Mamarka na kwance, ko romo ba ya wuce mata. Ƙyallen nan kaɗai take jira."

"Ke fa?"

Ta tsinke zaren da haƙori. "Miƙo hannuwanka, Fada, in gwada."

Ya miƙa. Ta naɗe su tam, kamar na gawa.