Gwajin Fatiha a Hawandawaki

Moto, babur ɗin Salifu, ya sake nutsewa cikin rairayi. Salifu ya sauke ƙafafu yana turawa yana huci, Fatiha kuma ta sauka daga baya, ta rungume jakar magani tana biye da shi.

Salifu ma'aikacin jinya ne a Tasawa, kowa Manjo yake ce masa. Shi aka ɗora wa horar da mutanen da suka yi fama da taɓin hankali suka samu sauƙi, don su riƙa shiga gidaje suna zama da masu irin ciwon, suna lallashin dangi, suna tunatar da shan magani. Tun damina yake nanata abu ɗaya: yadda ake sauraro, abin da ba a musa wa marar lafiya, lokacin da ya kamata a kira likita. Ya gaji. Wani ɗalibi ciwonsa ya tashi ana tsakiyar darasi. Wata mijinta ya hana ta zuwa, ya ce aikin tonon asiri ne. Waɗanda suka rage ba su cika benci biyu ba.

A cikinsu Fatiha ya fi shakka. A tashar Mayahi aka tsince ta shekarun baya, tana kwana bayan rumfar masu shayi, ko sunan garinsu ba ta faɗi. Magani ya karɓe ta, har ta kama sana'ar ƙosai, amma a aji ba ta buɗe baki sai an tambaye ta. Yau ce gwajinta na ƙarshe: wani tsoho a ƙauyukan Hawandawaki, an ce ya daina cin abinci, yana faɗa da mutanen da ba a gani. Da safe da Salifu ya faɗa mata sunan ƙauyen, ta daɗe tana gyara ɗaurin kallabi kafin ta ce to.

A wata mararraba ya tsaya yana waige-waigen wanda zai tambaya.

"Ta hagu ta fi tauri, Manjo," in ji ta.

Ya bi ta hagu. Ya ɗauka sawun amalanke ta duba.

'Ya'yan tsohon biyu suka tarbe su a ƙofar gida, Maharazu babba da ƙanensa Gazali. Suna cikin gaisuwa mai tsawo da Salifu sai idonsu ya kai kan Fatiha, gaisuwar ta yanke. Maharazu ya ce "Sannu, madam," yana kallon ƙasa. Salifu bai yi mamaki ba. Ya saba da mazan da ba su son baƙuwar mace ta ga abin da suke ɓoyewa.

Tsohon, Malam Jibo, yana bayan rumbu, ƙafarsa ɗaure da igiya a jikin turke, idon sawun ya kumbura. Ƙwaryar fura na gefe, ƙuda sun rufe ta. Yana ta zagin katanga. Salifu ya ja numfashi zai soma bayanin da ya yi har ya haddace, amma Fatiha ta riga shi. Ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa inda hannun tsohon ba zai kai ba, ta jira har zagin ya lafa.

"Baba, rana ta iso ka," ta ce.

Ya ce sun zuba masa guba a fura. Ba ta musa ba. Ta tashi ta shiga cikin gida ba tare da an nuna mata hanya ba. Wata mata da ke daka ta tsaya da taɓarya a hannu, ta toshe baki da bakin zane. Fatiha ta wuce ta, ta dawo da sabuwar fura da ludayi, ta sha a gabansa, sannan ta tura masa ƙwaryar. Ya daɗe yana kallon maƙogwaronta. Sai ya ɗauka ya sha.

"Ɗiyar wa ce ke?"

"Daga gidan likita aka turo ni, Baba. Ni ma an taɓa ɗaure ni."

"Da zafi," in ji tsohon.

"Da zafi. Ya fi tsanani in gumi ya shiga inda igiya ta ci."

Ta juya wajen Maharazu. "Kwance shi. In ya tashi ni zan tare shi."

Salifu ya shirya wa gardama. A wasu gidajen sai an yi wuni ana roƙo, ƙarshe a ce sai an ji daga babban wa da ke Najeriya. Amma Maharazu ya durƙusa kawai, ya warware igiyar. Tsohon bai gudu ba. Ya miƙe ƙafa yana murzawa, Fatiha ta wanke gyambon ta naɗe. Salifu ya ba Gazali magani ya nuna masa yadda ake sha. Gazali yana ta gyaɗa kai, ko sau ɗaya bai dubi inda Fatiha take ba.

Bayan la'asar, a hanyar komawa, moto ya yi zafi, suka tsaya gindin wani gawo. Salifu ya zauna yana tausa gwiwa.

"Kin ci gwaji," ya ce. "Sai dai gidan nan ba zuwa ɗaya ba ne, kuma kin ga hanyar. In ba za ki iya ba, in nemo wani."

"Zan iya."

"Abu ɗaya ne ban gane ba. Tun da na fara aikin ga, ban taɓa ganin an kwance mutum da magana ɗaya ba. Me suka gani a wurinki?"

Ta karkaɗe rairayin takalminta, tana kallon hanyar da suka baro.

"Kunya ce ta kama su, Manjo. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da su. Su biyun suka danne ni, shi kuma Baba ya ɗaure."