Na'urar da Na Haɗa da Wayata

"Wa ya kunna wannan shashancin?" na daka tsawa, ko takalmi ban cire ba.

Wasu mata ne ke tiƙar rawa a talabijin, 'yata Barakatu ta zuba musu ido. Saboda irin wannan na tsinke dish ɗin gidana, na sayo wa talabijin na'urar intanet, na haɗa ta da wayata don a riƙa kallon wa'azi.

Na juya kan uwarta. "Suwaiba, tarbiyyar ke nan? Kasuwar Dandume kawai na je!"

Barakatu ta fashe da kuka. Na zaro bulala.

Suwaiba ta riƙe hannuna. "Malam, yarinyar nan ba ta zaɓi komai ba. Muna kunnawa, na'urar ta ci gaba daga inda ka tsaya jiya a wayarka."