Ɗakin da Hantsi ke Shiga

Bayan ruwan sama ake duba fili, lokacin da ƙasa ba ta iya ƙarya. Shi ya sa kafinta ya jira aka ɗauke ruwa, sannan ya roƙi malamar makaranta ta raka shi, wai shawara yake nema.

Ya san amsar da take ba kowane manemi: ba za ta bar mahaifiyarta ba, tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Filin kan tudu suka fara gani, mai iska, ta yaba. Shi kuwa ya gangara da ita wani shimfiɗaɗɗe, inda ruwa bai kwanta ba. Tuni ya gwada shi da turaku da igiya.

"Ka bar mai kyau ka zaɓi wannan?" ta tsokane shi.

"Wancan hawa gare shi, Malama."

"Tsufa ya kama ka ke nan."

Ya yi murmushi yana murza hularsa. Ta bi igiyar ɗaki-ɗaki, har ta tsaya a na gabas.

"Wannan fa, na wa?"

"Na Inna. Ba matakala, kuma hantsi na shiga. Gwiwa na son ɗumi."

Ta ƙura wa turakun ido. Ya ce a ransa, shi ke nan, ya yi azarɓaɓi.

Sai ta sunkuya, ta tumɓuke turke ɗaya, ta matsar da shi gaba.

"Ka matse mata," in ji ta. "Inna ba ta rabuwa da babban gadonta. Miƙo guduma."