Katangar Gidan Rediyo

Ga wani misali, ka riƙe shi. An yi wata injiniya a wani ƙaramin gidan rediyo, ita ke kula da kwamfutocin da ake ajiye shirye-shirye a ciki. Da masu kutse suka fara addabar tashoshi, sai ta ɗauko wata tsohuwar kwamfuta daga sito, ta ɗora mata manhajar tsaro irin wadda masu ita suka bari a buɗe, kowa ya duba, kowa ya gyara. Ta zauna ta yi mata ƙare-ƙare da hannunta, har kwamfutar ta zama katanga tsakanin gidan da intanet, duk saƙon da zai shiga sai ya tsaya a bakinta an tantance shi. Aikin ya yi kyau, ita ma ta san ya yi. Abokan sana'a suka yi ta ce mata ta saki nata ƙarin a fili kamar yadda ta samu na wasu, tana noƙewa, don gani take ranar da ta buɗe shi, ranar za a wawushe mata guminta. Daga baya dai son yabo ya rinjayi tsoro. Ta saka shi a dandalin masu manhajar, ta koma gefe tana jiran sannu da aiki.

Abin da ya fara zuwa saƙo ne daga wani mutum a wata ƙasa mai nisa. Ya gaishe ta a taƙaice, ya ce ƙofarta da ƙarfi, amma can cikin zuciyar manhajar, inda ake ba kowane aiki wurin zamansa, ta bar ɗakuna ba makulli. Duk abin da ya samu ya tsallako sau ɗaya, gidan ya zama nasa. Ta rubuta masa amsa mai zafi, ta goge. Da ta huce ta gwada abin da ya faɗa, nan take katangar ta miƙa wuya. Ta kwashe da dariya ita kaɗai a ofis, ta ce, "Ashe ƙofar ƙarfe na sa wa dangar kara." Suka kama gyara tare, wasu ma suka sa hannu, wannan ya toshe kafa, wancan ya ƙara sakata, kuma ba wanda ya goge sunanta daga kan aikin.

Da damina ta tsaya, sai ga wata muguwar manhaja ta bi tashoshi tana kulle kwamfutoci. Wata tasha a garin ta kamu, waƙa ɗaya ta wuni tana maimaitawa, har direbobi suka haddace ta. A wurin injiniya kuwa abin ya tsallako ta wata taga, ya tarar da kansa a ɗan ɗaki a kulle, ba gaba ba baya, aka share shi kamar kyankyaso. Shirin gaishe-gaishe ya fita a kan lokaci, aka gaida amare da masu jego, ita kuma ta sa aka miƙa gaisuwa ta musamman ga mutumin nan na nesa, ko da yake ba ya jin Hausa ko ta cin tuwo.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.