Ranar da Na Tsorata 'Yar Barewa

Ina 'yar firamare a Arlit lokacin da Baba, direba mai kai baƙi yawon duwatsun Azbin, ya zo gida da 'yar barewa wadda mota ta karya wa ƙafa. Ya yi mata ɗori, ya killace ta a bayan ɗaki, ya hana kowa zuwa.

Wata la'asar na saci jiki na kai mata ganyen bagaruwa. Ta daɗe tana kallona da idanunta masu kamar an zizara musu kwalli, sannan ta matso tana ɗingishi. Har yau ina jin ɗumin numfashinta a tafin hannuna.

Sai ƙarar garwa ta tashi a bayana, Baba ne yake dukan garwar da sanda. Barewar ta zabura ta maƙure a kusurwa, jikinta na ɓari.

Na fashe da kuka. "Baba, ai ta fara sona!"

Ya durƙusa ya share mini hawaye da bakin rawaninsa.

"Na gani, Uwata, shi ya sa. In ta warke, daji zan mai da ita. In ta saba da mutum, ran da mafarauta suka zo da mota, tsayawa za ta yi tana jiransu."

Ya miƙo mini sandar. Na rufe ido na doki garwar, a hankali da farko, sannan da ƙarfi.

Na girma, na so mutane, amma ban sake yin son da ya yi mini wuya irin wannan ba.